Soson feshi a ƙarƙashin kwano: zai rage zafi ko zai jawo ɓarna?

Mai sabon gini:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gini. Na kammala rufin gidana a Sakkwato da dogon kwano mai launin ja mai duhu, kuma ban riga na sa silin a ɗakunan sama ba. Shekara bakwai na yi a gidan haya mai rufin kwano, kuma duk shekara daga watan Maris zuwa Mayu a tsakar gida muke kwana, domin ɗaki ba ya shiguwa ko da bayan sallar isha'i. Ba na son in maimaita wannan a gidan da na gina da gumina.

Wani mai aikin feshi ya kawo mini samfurin wani soso mara nauyi, ya ce ruwa ne ake fesawa a cikin kwanon ya kumbura nan take ya tare zafi. Ya ce iri biyu ne, akwai mai buɗaɗɗun ƙofofi da mai rufaffun ƙofofi, kuma na farkon ya fi araha nesa ba kusa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da na tsoma samfurin a ruwa na matse shi, sai na ga ya sha ruwa kamar soson katifa. To idan kwano ya yi yoyo da damina fa? Shin ya dace in sa shi, ko in haƙura in nemi wata dabara?

Injiniyan gini:

Wa alaikumus salam. Alhaji, gwajin da ka yi da ruwa ya riga ya nuna maka inda maganar take, kuma kwatancenka da katifa daidai ne, domin dukansu dangin roba ɗaya ne da ake kira foliyuritan, wadda Otto Bayer da abokan aikinsa suka gano a Jamus a 1937. Ana kawo sinadaran a ganguna biyu, injin ya ɗumama su, su haɗu a bakin bindigar feshi. A cikin mai buɗaɗɗun ƙofofi ruwa ne ke sa kumburin: yana haɗuwa da sinadarin ganga ta farko ya haifar da iska, sai abin ya tashi kusan ninki 100 cikin daƙiƙoƙi kaɗan, ƙananan kumfar da ke cikinsa kuma su fashe su buɗe wa juna. Shi ya sa ba shi da nauyi, kimanin kilo 8 ne a kowane dunƙule mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya da zurfin mita ɗaya, alhali mai rufaffun ƙofofi ya kan kai kilo 30 zuwa 40. Bambancin farashin daga nan ya fito, domin ganga ɗaya tana rufe wuri mai faɗi sosai.

Yana tare zafi, babu tantama, sai dai dole a yi shi da kauri. Abin da santimita 10 na mai buɗaɗɗun ƙofofi zai yi, santimita 6 ko 7 na ɗayan ya isa ya yi shi. Saboda haka idan mai aikin ya ba ka farashi, ka tambaye shi kaurin nawa yake nufi, a rubuta a takarda, domin wanda ya fesa maka santimita 3 ya rufe maka kwano daga gani ne kawai, bai rufe ka daga bazara ba. Yana da wani amfani kuma da ba a cika ambata ba, wato yana toshe duk wata kafar da iska mai zafi da ƙurar hunturu ke bi, yana kuma rage ƙarar ruwan sama a kan kwano ƙwarai.

Amma ni ba zan ba ka shawarar a fesa shi kai tsaye a jikin kwano ba. Dalili na farko shi ne wanda ka gani: idan ƙusa ɗaya ta saki, ruwan ba zai ɗigo ka gan shi nan da nan ba, soson zai riƙe shi a jikin katako da kwano, tsatsa da ruɓa su yi ta ci a ɓoye. Dalili na biyu ya fi wannan wuyar ganewa. Tururi yana ratsa wannan soson, kuma da daddare a watan Agusta kwano yana hucewa har ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi, sai raɓa ta taru a cikinsa, a daidai wurin da soson yake manne. A yankinmu rani yana da tsawo kuma abin yana bushewa, don haka haɗarin bai kai na garuruwan bakin teku ba, amma yana nan. Idan lallai a jikin kwano kake so, mai rufaffun ƙofofi ne ya dace da ƙarfe. Idan kuwa mai arahar kake so, wurinsa shi ne bayan silin, a bar sararin da ke tsakaninsa da kwano yana shan iska.

Mai feshi a Kanada:

Malam, wannan ita ce sana'ata a nan, kuma na yarda da abin da Injiniya ya faɗa. Abin da zan ƙara shi ne, a wannan aiki mai fesawar ya fi kayan muhimmanci, domin ba a masana'anta ake haɗa soson ba, a cikin gidanka ake haɗa shi. Sinadaran biyu dole su fito daidai wa daida, ɗaya bisa ɗaya, a zafin da kamfanin ya ƙayyade. Idan ɗaya ya rinjayi ɗaya, soson ya kan fito da danƙo ko ya riƙa marmashewa, ya janye daga jikin katako, wani lokacin kuma ya bar wari mai kama da ƙarnin kifi wanda ba ya fita sai an kankare shi gaba ɗaya, kuma kankarewar ta fi fesawar wahala da tsada.

Ka nemi ka ga gangunan da idonka. Suna da ranar lalacewa, ta biyun musamman ba ta cika wuce watanni shida ba, kuma ba a son a ajiye su a wuri mai zafi. Gangar da ta yi doguwar tafiya ta teku, sannan ta zauna a shago mai rufin kwano a zafin da ya haura digiri 40, abar tuhuma ce. Ka sa ya fesa ɗan kaɗan a kan allo, ka yanka ka duba cikinsa: ya kamata ƙofofin su zama ƙanana iri ɗaya, launin kuma bai ɗaya. Sannan wurin da za a fesa ya kasance busasshe, babu ƙura, babu maiƙo.

Batun lafiya kuma ba na wasa ba ne. Sinadarin ganga ta farko yana iya haddasa asma ga wanda ya shaƙe shi, kuma wanda jikinsa ya riga ya kamu, ɗan kaɗan ma yana tayar masa da ita daga baya. Mu a nan muna rufe jiki duka, muna shaƙar iska ta bututu, kuma ba a barin mutanen gida su dawo sai bayan aƙalla awa 24 ana fitar da iskar. Idan ka ga mai aiki ya zo da ƙyallen rufe hanci kawai, wannan ya ishe ka shaida a kan yadda sauran aikinsa zai kasance.

Na ƙarshe shi ne wuta. Ana zuba wa soson maganin rage kama wuta, amma duk da haka yana ci, kuma hayaƙinsa yana ɗauke da guba mai kisa. Dokokin gini a Amurka da Kanada ba su yarda a bar shi a fili a ɗakin da mutane ke zaune ba, sai an rufe shi da allon farar ƙasa mai kaurin rabin inci ko makamancinsa. Silin roba ba ya cika wannan sharaɗin.

Tsohon kafinta:

Alhaji, ni ban taɓa fesa wannan abu ba, amma na fi shekara talatin ina hawa rufi, kuma abin da ya dame ni da shi shi ne ranar gyara. Babu kwanon da ba ya neman a taɓa shi wata rana, ko iska ta ɗaga, ko a canza falle ɗaya. Idan an manne shi da katako da soso, kafinta zai yi ta yanka da wuƙa kafin ya kai ga ƙusa. Ga kuma gara, wadda aka ce ba ta cin soson amma tana huda shi ta yi hanya, alhali mu da ido muke gane ta a jikin katako tun kafin ta yi nisa.

Kafin ka kashe wannan kuɗin, ka fara da abin da ba shi da tsada. Launin kwanonka mai duhu ne, kuma duhu yana jan rana, don haka farin fenti a bayansa zai rage zafin tun daga waje. Ka buɗe ƙofofin iska a kusurwoyin rufin biyu, a sa musu raga saboda jemage da tsuntsaye. Iyayenmu da suka yi soro da azara da ƙasa mai kauri ba su san bindigar feshi ba, amma ɗakunansu suna da sanyi da tsakar rana, kuma kaurin ne ya ba su hakan.

Mazauniyar Ingila:

Ɗan'uwa, abin da Baba kafinta ya faɗa game da ɓoye katako ya zama babbar magana a nan. Mutane da yawa sun fesa soson a ƙarƙashin rufinsu don rage kuɗin ɗumama gida, daga baya da suka zo sayarwa sai wasu bankuna suka ƙi ba masu saye bashi, saboda mai duba gida ba ya iya ganin halin da katakon yake ciki. Wasu sai da suka biya aka cire shi. Na san tsarin sayen gida a wajenmu ba haka yake ba, amma dalilin nasu ya shafi kowane rufi mai katako.

Mai sabon gini:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na fasa sa shi a jikin kwano. Zan yi silin fiyofi (POP) maimakon na roba da na yi niyya, in buɗe ƙofofin iska, in kuma nemi farashin farin fenti. Sai dai Injiniya, idan aka fesa a bayan silin, nauyinsa ba zai sauko da shi ba? Kuma yaya za a yi da wayoyin lantarki da ke bi ta nan?

Injiniyan gini:

Nauyin ba abin damuwa ba ne, Alhaji, domin kaurin santimita 10 bai cika kilo ɗaya ba a kowace mita mai murabba'i. Abin lura shi ne a bar fiyofin ya bushe sarai kafin a fesa, a toshe ramukan fitilu da na fanka don kada soson ya ɓullo cikin ɗaki, kuma a shimfiɗa wa mai aikin katakan takawa, tun da silin ba ya ɗaukar mutum.

Wayoyin su ne suka fi buƙatar kulawa. Waya tana ɗumi idan wuta na bi ta cikinta, kuma wadda aka binne a cikin abin tare zafi ba ta samun hucewa, musamman ta na'urar sanyaya ɗaki da ta injin ɗumama ruwa. Ka sa mai aikin lantarki ya gama nasa tukuna, ya bi da wayoyin ta cikin bututu a saman inda soson zai tsaya, ya bar akwatunan haɗa waya a inda hannu zai kai gare su, fitilun da ke shiga cikin silin kuma a kewaye su a bar musu sarari. Ka bar ƙofar hawa ɗaya a falon sama, domin bayan ruwan farko na damina a sa yaro ya hau da tocila ya duba ko akwai wurin da soson ya jiƙe, a gyara ƙusar da ke samansa.