Aikatau na Turanci da suka taɓa rikita ku

Ɗaliba daga Zariya: Assalamu alaikum. Ina shirin WAEC, kuma abin da ya fi damuna shi ne aikatau. Ƙamus zai ba ni ma'ana, amma a cikin jimla sai kalmar ta sauya. Jiya na karanta "the wind whistled", na daɗe ina tunanin yadda iska za ta yi fito. Iyayena da yayyena, ku ba mu labarin yadda kuka yi da irin wannan.

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ni nawa ya wuce na jarrabawa. Ina sabuwar shiga aiki na tarar da rahoton masu aikin dare an rubuta "the alarm went off twice". Na ɗauka na'urar ce ta ɗauke har sau biyu, na tafi neman mai gyara. Ashe ƙara ta yi sau biyu, wato jikin majinyacin ne ya motsa cikin dare. Allah ya tsare, babbarmu ta lura da wuri. Har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi.

Malamin Hausa: 'Yata, a adon harshe wannan na iska sunansa mutuntarwa, wato a ba abin da ba mutum ba aikin mutum. Mu ma kullum muna ara wa abu aikin da ba nasa ba. Muna cewa wuta ta ci kasuwa, kogi ya ci mutum, barci ya sace ni. Wuta na da baki ne? Ɗalibaina sukan gane na Turanci da zarar na tuna musu waɗannan.

Makanike a Kano: Haka ne, Malam. Wani kwastoma ya ce min "the engine died", nan take na gane, don mu ma mota ta mutu muke cewa.

Mai fassara: Malam, a gafarce ni, ba kullum suke haɗuwa ba. Mu mura ce take kama mutum, su kuwa mutum ne yake kama ta: "I caught a cold". Mu barci ke kwashe mu, su faɗawa suke yi cikinsa. Na taɓa fassara takardar wayar da kai kalma da kalma, aka dawo min da ita saboda wannan juyin. Tun daga lokacin na ware littafi, ina rubuta jimlar ɗungurungum tare da takwararta ta Hausa.

Ɗaliba daga Zariya: Na gode ƙwarai. Yaya mai fassara, "the news broke" fa? Labari ya ɓulla ke nan?

Mai fassara: Shi ke nan, ƙanwata. Sa shi a shafin farko.