Turancin jami'a ya sha min kai

Sabon ɗalibi:
Salam 'yan uwa. Na shiga aji ɗaya ina karanta Tarihi, Turancin hira ba laifi ina taɓawa amma da na buɗe littafin kwas sai in ga kamar wani yare ne daban, su hypothesis, empirical, paradigm, kullum ina kan dikshinari. Don Allah ya zan yi?

Malamin Turanci:
Wa alaikumus salam. Nemi Academic Word List a intanet, wata malama Averil Coxhead ce ta haɗa shi a New Zealand, ya fito a 2000. Kalmomi 570 ne da 'ya'yansu, irin masu yawo a littattafan kowane fanni. An kasa su gida 10, fara da na farko don su suka fi fitowa.

Anti 'yar Bayoloji:
Ƙanina mu 'yan kimiyya tushen kalma ne ya cece mu, yawanci daga Girkanci da Latin suke. In ka san hydro ruwa ne, geo ƙasa, chrono lokaci, ai chronology ba za ta ba ka tsoro ba.

Ɗan aji huɗu:
Hadda zalla dai ba ta zama wallahi, sati ɗaya ta gudu. Ka riƙa kwafe duk jimlar da ka tsinci kalmar a ciki, sannan ka cusa ta a asaimen ɗinka.