Waɗanda suka taɓa biyan mai hoto ya ɗauki kayan sana'arsu, kuɗin ya dawo kuwa?

Mai kek, Unguwar Rimi, Kaduna:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Don Allah shawara nake nema daga wanda ya taɓa yi da kansa, ba wanda ya ji an ce ba. Ina yin kek da mitfai da samosa a gida, yawancin odata ta sitatus ɗin WhatsApp da Instagram take shigowa, to ga azumi na ƙaratowa ina so in fitar da jerin kayan buɗa-baki, akwai wani yaro mai hoto da ya ce zai zo ya ɗaukar min kayan gaba ɗaya amma kuɗin da ya yanka min ya kusa na buhun fulawa. Maigidan ya ce ɓarna ce tunda wayata tana da kyamara mai kyau. Wanda ya taɓa biya, ya kuka ƙare?

Hajiya mai gidan abinci, Barnawa:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni na biya kuma ban yi nadama ba, amma bari in gaya miki abin da na saya da kuɗin, don ba kyamarar ba ce. Yaron da ya zo mana abu na farko da ya yi shi ne ya ce a kashe duk ƙwan fitilar da ke ɗakin cin abincin, ni har na fara jin haushi, mutum ya zo ɗaukar hoto yana kashe wuta. Sai ya jawo teburi ɗaya kusa da taga, ya jingina farin kwali a ɗaya gefen faranti yana maido da hasken, ya ce ƙwan fitilarmu wani fari ne wani ruwan ɗorawa, ga kuma hasken rana, in suka haɗu a kan abinci ɗaya shinkafa sai ta fito kamar ta kwana. Wallahi da ya nuna min jalof ɗin a bayan kyamarar sai da na sake leƙa farantin, ita ce dai wadda muke zuba wa mutane kullum.

Inda aka sha fama shi ne tuwo da miyar kuka. Kin san kuka, ba ta da fuskar hoto ko kaɗan, kuma kina zubawa kafin ki juya ta yi fata a sama ta dushe. Sai da ya gama saita komai da kwanon da babu komai a ciki, ya gyara cokali ya gyara ƙyallen teburi, sannan ya ce a zubo daga kan wuta, aka ɗora malmalar tuwon da aka shafe da jiƙaƙƙen hannu, aka ɗiga man shanu da ɗan yaji a gefe, nan take ya ɗauka. Miyar taushe kuwa ba ta ba shi wahala ba, kabewa da alayyahu sun gama masa rabin aikin. Abin da na lura da shi bayan mun sa hotunan, ma'aikatan ofis da suke aiko da oda da rana, waɗanda da shinkafa kawai suke nema, sun fara tambayar tuwon shinkafa da taushe. Abu ɗaya dai, ki shirya yin kowane abu kashi biyu, don wanda aka fara gwaji da shi ba ya kaiwa ƙarshe da kyansa.

Alhaji mai gidan burodi, Tudun Wada:
Hajiya ku naku daban. Ni burodina kafin a idar da sallar asuba 'yan babur sun kwashe sun kai wa masu shayi da masu shago, mai shayi bai taɓa ce min nuna min hoto ba, matsawa yake da hannu ya ji laushi da nauyi. An taɓa lallashina na biya aka ɗauka, hotunan suna nan a waya ban san me zan yi da su ba. Ke mai kek, ki fara duba waye yake saye a wurinki, in da ido yake fara saye to ki biya, in da hannu ne ki riƙe kuɗinki.

Mai zoɓo da kunun aya, Kawo:
Baba Alhaji ka faɗi gaskiya, amma mu masu abin sha da ido ake fara shan namu. Ni matsalata da, duk yadda na ɗauki zoɓona da waya baƙi ƙirin yake fitowa, wata ƙawata har cewa ta yi ko lemon kwalba nake sayarwa. Mai hoton da na kira bai haska kwalbar ta gaba ba, ta baya ya sa hasken ya ratso cikin zoɓon, sai ga jan nan ya fito har kana ganin yankan abarba da kokwamba a cikin kofin. Ƙanƙarar da ya zo da ita ta roba ce, ya ce ta gaske kafin ya gama saiti ta narke ta sirka abin, zufar jikin kwalba kuma giliserin ne, wani ruwa mai kauri da danƙo, ya gauraya da ruwa ya fesa, shi ya sa ɗigon yake tsayawa ba ya gangarowa ya jiƙa sitika. Wannan duk na yarda. Inda muka saɓa shi ne da ya ce in ƙara wa zoɓon ruwa don ya fi haske, na ce a'a, nawa mai kauri ne kuma da kaurin aka san ni, ya nemi siririn kofi kawai haske ya samu hanya. Haka aka yi kuma ya yi kyau.

Kunun aya kuwa sai kin tsaya a kansa, yana ɗan zama zai rabe ruwa a sama gari a ƙasa, ana girgizawa ana ɗauka, kuma kar ki bar shi a waje ana ta gyaran teburi don kin san ba ya jure zafi, yanzu ya yi tsami. Aikin na rana ɗaya ne amma na ga wuya.

Sai maganar sitika, wannan ku kula. Hoton da ya yi jawur a waya da aka buga shi a takarda sai ya koma kamar ruwan ƙasa-ƙasa, na koma wa mai hoton da faɗa, ya ce allon waya da haske yake haɗa kala, injin buga takarda kuma da tawada kala huɗu, akwai jan da tawada ba ta iya kaiwa. Ya sake gyara min fayil ɗin na bugawa daban. Tun daga nan ba na bari a buga da yawa sai an fara fitar min da guda na gani. Wadda kuma take da lambar NAFDAC ta tabbatar an juyo kwalbar yadda lambar za ta fito, masu manyan shaguna suna dubawa.

Wata mai saye, Malali:
Ni ba na sayar da komai, mai ci ce, amma ku bar ni in sa baki. Na taɓa yin odar kek na sunan ɗiyar yayata a wurin wata da na gani a Instagram, hotonta hawa uku da furanni kamar ka ɗauka ka ajiye a falo, abin da mai keke ya kawo min ya karkace gefe guda kirim ɗin yana zuba, kalar ma ba ita ba ce. Da na matsa mata sai ta ce ai wancan samfur ne, daga baya na ga hoton nan sak a shafin wata baturiya. Yanzu ma abin ya ƙara lalacewa da hotunan AI da kwamfuta ke ƙirƙira, za ka ga shawarma tana sheƙi kamar an goge ta da mai. Ni yanzu in ban ga hannun mai kayan ko tiren gidanta ko robar tekawe ɗinta a hoto ba, ba na tura kuɗi.

Madam mai wurin kifi da farfesu, Kakuri:
Sannunku. Namu wurin da yamma yake cika, yawanci ma'aikata ne in an tashi, kun san nan unguwar masana'antu ce, kamfanin Nigerian Breweries ma a nan ya buɗe masana'anta a 1963. To da daddare fitilunmu ja da shuɗi ne, kifin da aka gasa in ka ɗauka a ƙarƙashinsu ba za ka so ci ba. Mai hotonmu cewa ya yi mu gasa masa da la'asar kafin mutane su zo, a bakin rumfa inda inuwa take. Kwalabe ne suka fi ba shi aiki, ta malta da ta giya duk duhu ne da su kuma suna ɗauko hoton duk abin da ke gabansu har shi mai ɗaukan, sai da ya kafa farin ƙyalle a gefe ya hasko ta cikinsa, sannan aka samu dogon layin haske ɗin nan a jikin kwalba. Kumfa kuma ba ta jira, mutum ɗaya na zubawa shi yana dannawa. Ni dai kuɗina ya fito, don masu bikin zagayowar haihuwa sun fara kama wurin tun daga hoton.

Mai hoto, Kabala:
Iyayena da yayyena, tunda sana'armu ake magana bari in ce wani abu. Anti mai kek, kuɗin da aka faɗa miki ba na danna maɓalli ba ne, akwai zaman gyara a kwamfuta bayan an dawo, wanda sau da yawa ya fi ɗaukan cin lokaci. Amma kafin ki biya kowa ki ce ya nuna miki abincin da ya taɓa ɗauka, ba amare ba. Da yawanmu a biki muka koyi aiki, mun saba da filasha a fuska, in aka harba wa samosa filasha ta gaba maiƙo kawai za ki gani. Ku kuma yi magana tun farko, hoto nawa zai ba ki gyararru, yaushe, kuma na waya ne kawai ko har da na buga allon talla, don rigimar da ake yi da mu yawanci a nan take.

Kowane abinci da inda ake kallonsa. Tiren buɗa-baki mai ƙananan abubuwa da yawa, ko masa da miya da su sinasir, daga sama ake ɗauka. Kek mai hawa da boga daga gefe daidai tsayinsu, don a ga hawan. Farantin shinkafa da kaza kuma kamar yadda mai zaune zai gan shi a gabansa. Kek ɗinki ki yanka guda ɗaya a ga ciki, mitfai ma ki ɓara shi biyu, mai saye so yake ya san nama ne a ciki ko dankali zalla.

In kuma da waya za ki yi, wallahi za ki iya kaiwa wani wuri. Ki goge gilashin kyamarar tukuna, wayar da take kicin kullum akwai maiƙo a kai shi ne yake sa hoto ya yi dishi-dishi. Kar ki kusanto da wayar dab da abinci, tana kumbura na gaba ta ƙanƙance na baya, ki ja baya ki danna 2x mai jawo hoto kusa. Ki nemi taga wadda rana ba ta faɗowa kai tsaye, ko ki saki farin labule. Hazon da muke ciki yanzu ma alheri ne, yana tausasa haske, ƙurar dai za ki yi ta gogewa a kan faranti. Na Instagram ki ɗauka a tsaye 4:5, wato 1080 da 1350, na sitatus kuma 9:16, ki bar wuri a sama don rubuta farashi. Sannan duk wanda zai turo miki hoto ta WhatsApp ya turo a matsayin dokumen, in ba haka ba manhajar tana matse shi, ko maɓallin HD ɗin da suka ƙara a 2023 bai kai asalin fayil ba.

Maganar Anti ta Malali kuma ina bayanta. Ni ina shafa wa tsire ɗan mai da buroshi, ina zaɓar masar da ta fi kyau a tanda, amma Anti mai kek, in kin ce in cika faranti da naman da ba za ki zuba wa kwastoma ba, ke za a zaga ba ni ba.

Mai tsire, Rigasa:
Malam mai hoto Allah ya saka. Ni yarona ne yake ɗaukar min, kuma na ga ɗan gajeren bidiyo ya fi hoto kawo min mutane, lokacin da ake barbaɗa ƙuli da yaji hayaƙi na tashi wuƙa na sara a kan katako, sautin nan kaɗai ya isa. Hayaƙin ba ya fitowa sai fitila tana bayansa kuma bangon ya yi duhu, wannan da kanmu muka gano. Abin da ya gagare mu shi ne in ya sa bidiyon mai tafiya a hankali sai hasken ya riƙa ƙyaftawa, musamman in janareta ne.

Mai hoto, Kabala:
Baba ƙwan fitilar ne, wutar lantarkinmu 50Hz ce, wato sau hamsin take juyawa a sakan ɗaya, ƙananan ƙwai masu araha suna ƙyaftawa tare da ita ido ne ba ya kamawa, janareta kuma ba ya tsayawa daidai. Ya gwada fitila mai caji, ko ya ɗauka da magariba kafin duhu ya gama rufawa.

Hajiya mai gidan abinci, Barnawa:
Ƙanwata mai kek, in kuɗin ne ya yi miki nauyi ku haɗu ku uku ko huɗu masu kayan buɗa-baki ku ɗauke shi wuni guda a gida ɗaya, kowa da lokacinta. Ke dai ki roƙa a fara da ke da safe, kirim ɗin bota ba ya shiri da zafin rana, kuma ki bar kek ɗin a firij sai an gama saiti.

Mai zoɓo da kunun aya, Kawo:
In za a haɗu a sa da ni, ina so in ƙara na lamurje da kunun gyaɗa. Masu tambayata giliserin ta akwatin saƙo, a kemis ake samu, ko wurin masu sayar da kayan haɗa man shafawa a kasuwar Sheikh Gumi, ƙaramar kwalba ta ishe ki. A jikin kwalba kawai ake fesawa don Allah, kuma a fara gwadawa a kan sitika ɗaya, ta takarda marar leda tana tashi.