"Ƙarfafa shi" ko "ƙarfafa masa gwiwa"?

Salam jama'a, don Allah masana Hausa ku warware min wannan, tun jiya na maƙale. Ina rubuta wasiƙar godiya ne ga wani dattijo da ya taimaki ƙanena lokacin jarrabawar JAMB, sai na rubuta "mun gode da yadda ka ƙarfafa shi", yayana yana gani ya ce a'a, katanga ake ƙarfafawa ko tubali da siminti, mutum kuwa gwiwa ake ƙarfafa masa. To na gyara na sa "ka ƙarfafe shi", sai kawu ya ce kai wannan ma ya fi muni, wai kamar na ce an tilasta wa yaron ne, an yi masa fin ƙarfi! Na duba ƙamus ɗin da ke wayata, ma'ana ɗaya kawai ya ba ni, ba misali ko ɗaya. Ga shi kullum a rediyo ina jin "ƙarfafa matasa", "ƙarfafa zumunci", har da "ya ƙarfafa cewa" a maimakon jaddada.

Shin daidai ne a ce "ƙarfafa mutum" kai tsaye, ko dole sai an sa gwiwa? Gobe zan kai wasiƙar. Na gode.