Gini bincike ne, ko sai an raba takardar tambayoyi?

Ɗalibar Zane: Salam 'yan uwa, wani abu ne ya tsaya min a rai. Aikin digirina na biyu ɗaki na zana na gina a bayan gidanmu da bulon ƙasa irin wanda ake matsewa da inji, bango biyu na sa musu siminti kaɗan, biyu na shafe da makuba (shafen da ake yi da ɓawon ɗorawa don kare bango daga ruwa), na bar damina ta dake su ina dubawa kullum. Malamina yace wai wannan zane ne ba bincike ba, in je in raba takardar tambayoyi. Ni kuma wlh gani nake ginin nan shi ne binciken.

Injiniya: Ƙanwata ki yi haƙuri amma malaminki yana da hujja. Bincike sai wani ya iya maimaitawa ya samu abin da kika samu. Ɗaki ɗaya, damina ɗaya, kuma jar ƙasar Zariya ba ita ce ta Sakkwato ba.

Ɗan Magini: Injiniya ban yarda ba gaskiya. Baba na kafin ya taɓa gini sai ya ɗebo ƙasar wurin ya kwaɓa ya yi tubali uku huɗu ya shanya, in ya tsage ya ƙara ciyawa, in ya marmashe yace yashi ya yi yawa a nemo birji, haka zai yi ta yi har sai ya dace, toh wannan in ba gwaji bane menene? Waye ya gano katsin marina da gashin majema da dafara in an haɗa su suna ba da laso mai hana ruwa? Ba a aji aka gano ba. Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya ɗaura bakan gizon (lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe rufi) masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, har yau 'yan jami'a kansa suke rubutu.

Ɗan Tawa: Mu a nan Nijar mun gani da ido. Falke Barmu manomi ne kuma magini, ya fara masallacin Yama a 1962, yana ginawa yana gyarawa yana ƙara sabon salo, a 1986 aka ba ginin kyautar Aga Khan ta fasahar gini. Sannan a Dandaji Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka maida tsohon masallaci laburare suka gina sabo da bulon ƙasa, aka gama a 2018, da maginan garin aka yi aikin.

Hajiya Mai Soro: Ku da kuke yabo kun taɓa kwana a soro ana ruwan Agusta? Sanyi kam akwai, ranar bazara ko fanka ba ka nema. Amma duk shekara sai yaɓe, indararo ya toshe kaɗan sai ki ji ɗiga a kan gado tsakar dare. Azara ma yanzu ina take, an sare giginya an gama. Shi ya sa kowa ya gudu bulo da kwano, ba raini bane.

Ɗan Magini: Hajiya wannan gaskiya ne, amma ai amsarsa ma a gini take. Francis Kere a Gando ta Burkina Faso, makarantar da ya gina a 2001, bangon ƙasa ya yi sai ya ɗaga rufin kwano sama nesa da silin, kwanon ya tare ruwa iska kuma na ratsawa ta fitar da zafi. Takardar tambayoyi ba za ta nuna miki wannan ba.

Injiniya: Ni fa ba gaba nake da ƙasa ba, siminti kaɗai na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya, dole a nemi mafita. Abin da ke damuna shi ne ilimin Baban naka a kansa yake, ranar da ya kwanta dama shikenan. Ƙanwata kin auna wani abu ko kallo kawai kike?

Ɗalibar Zane: Yaya, na auna mana. Na rataya ma'aunin zafi ciki da waje ina rubutawa safe da azahar da dare, bayan kowane ruwa kuma ina ɗaukar hoton bangon. Na gabas mai makuba ya fara zaizayewa daga ƙasa inda ruwa ke fantsama, saman kuma lafiya lau.

Injiniya: Toh ai wannan littafin za ki kai masa, ki ƙara damina ɗaya.

Ɗan Magini: Gindin ne, kin bar shi ba dakali. In kin yarda ranar Asabar zan kawo Baba ya duba.