Neman shawara: muna son yin wasan kwaikwayo a kan kwata, mai unguwa ya ce mu dakata

Assalamu alaikum. Ni tela ne a wata unguwa ta cikin birni, ɓangaren Dala. Muna da ƙungiyar samari ta taimakon kai da kai, mu ne muke fitowa yasar kwata ranar Asabar ɗin ƙarshen wata. Sai dai mu yashe yau, kafin wata ya zagayo ledar fiya wata da toka da famfas sun sake cika ta. In Agusta ya zo ruwa ya rasa hanya, sai ya bi ta zaurukan mutane, gidajen ƙasa su jiƙe tun daga gindin katanga. Liman ya yi magana bayan Magariba. Mun rubuta "An hana zuba shara a nan" a bango, yanzu sharar ta rufe rabin rubutun.

Shi ne muka ce bari mu gwada wasan kwaikwayo a filin gaban firamare, mu kuma yi zane a katangar da ke kallon filin. Labarin da muka tsara: wani Alhaji mai gidan bene ya gina dakali da shago a kan kwata, ruwa ya koma gidan maƙwabcinsa talaka, ɗaki ya faɗi. Mun je wa mai unguwa da maganar, ya saurare mu tsaf, sai ya ce mu dakata tukuna. Bai hana ba, bai kuma ce mu yi ba. Wasunmu sun ce mu yi abinmu kawai, ai fili ba nasa ba ne. Don Allah waɗanda suka san harkar, yaya za mu ɓullo wa abin?

Wani dattijo, tsohon malamin makaranta, Yakasai:

Wa alaikumus salam. Ɗana, tambaya ɗaya zan yi maka. A unguwar taku akwai Alhaji mai bene da ya gina shago a kan kwata? In akwai, to ga "dakata" ɗin nan. Ranar da kuka yi wasan, yara za su riƙa bin mutumin nan da sunan da kuka sa masa a ciki, kuma ƙofar mai unguwa za a kai ƙara, daga nan wajen dagaci, wataƙila har gaban hakimi. Shi ya hango wannan, ku ba ku hango ba.

Ku dubi tashe. Daga goma ga azumi yara suke fitowa, su kwaikwayi malami mai kwaɗayi, su kwaikwayi mai magani, su kwaikwayi miji da mata masu faɗa, Nalako, sarkin gwagware, kuma ya bi gwagware da ƙararrawa. Kowa ya yi dariya, har mai halin, domin hali aka taɓa, ba a nuna ƙofar gidan kowa ba. Marigayi Malam Aminu Kano ya rubuta wasannin kwaikwayo na sukar zalunci da al'adun da ba su da amfani, marigayi Maitama Sule ma har ƙungiyar wasa aka yi da sunansa a garin nan. Abin ba baƙo ba ne a Kano, kada wani ya ce muku bidi'ar 'yan boko ce.

Sannan ku faɗa wa kanku gaskiya. Shagon Alhaji ne yake zuba famfas a kwata? Daga gidajenku ake miƙa wa almajiri bokitin shara da 'yar naira hamsin, ba mai tambayarsa inda zai kai.

Wani da ya karanci wasan kwaikwayo a Zariya:

Baba ya gama magana a kan Alhaji. Ni abin da ya tsaya min shi ne ku kaɗai kuka zauna kuka tsara labarin. A Jami'ar Ahmadu Bello, tun bayan da Michael Etherton ya fara koyar da wasan kwaikwayo a 1975, ɗalibai suke shiga Samaru da ƙauyuka irin su Bomo da Maska, su ji damuwar mutane, su mayar da ita wasa. Daga baya malaman da kansu suka ga cewa in ɗalibi ya ji, ya koma makaranta ya shirya, ya dawo ya nuna, mutanen gari 'yan kallo ne kawai. Sai aka koma zama da su, su ne za su kawo labarin, su ne za su fito a ciki.

To ku ma ku bi lungu-lungu kafin ku rubuta komai. Ku zauna da mai shayi, da mai tura baron shara, da mai sayar da fiya wata, da malamin tsangaya da almajiransa. Kada ku ce kun zo wayar da kai, ku tambaya kawai: sharar gidan nan ina take ƙarewa? Za ku ji abin da bai taɓa zuwa muku a rai ba. Wanda ya fi kowa iya ba da labari a cikinsu, ku ba shi fitowa.

Akwai kuma dabarar Augusto Boal, masanin wasan kwaikwayo mutumin Brazil. Ana yin wasan har inda abu ya cakuɗe, misali almajiri yana tsaye da bokiti a ka, bola ta yi nisa, Magariba ta kawo kai, ga kwata a gabansa. Sai mai jan wasa ya tafa hannu, kowa ya tsaya cak, ya juya wajen jama'a ya ce, "Wa zai zo ya karɓi bokitin nan ya nuna mana yadda zai yi?" In mutum ya shigo ya gwada, sauran 'yan wasa su ba shi wahalar da zai tarar a zahiri: mai baro ya ce kuɗin ya yi kaɗan, maƙwabci ya ce ba a ƙofarsa ba. A nan ake samun maganar da ba ta fitowa a taron masallaci. Ba kwa buƙatar dandamali. Da'ira a ƙasa, tabarma ga dattawa, wasa kada ya wuce minti 20, sauran lokacin na jama'a ne.

Wata malamar Islamiyya, Gwale:

Ƙanina, duk maganar nan maza kuke yi wa juna. Wa yake share gida, wa yake tara sharar? Mu ne, kuma ba za mu zo filin firamare mu tsaya cikin samari ba. Ba rashin sani ne yake damunmu ba, kowace mace ta san kwata ba bola ba ce. Mota ba ta shiga lungu, mai baro sai ya ga dama, shara kuma ba ta kwana uku a tsakar gida mai yara. Ku ba 'yan matan Islamiyya labarin su yi nasu a makaranta ko a wani babban gida, mata zalla, malamarsu ta kawo muku abin da aka faɗa. Kuma don Allah kada namiji ya ɗaura zani ya fito a mace. Nan take za a bar zancen kwata a koma zancenku.

Wani ɗan kasuwa, Kantin Kwari:

Ni dai ban ga wasan da ya taɓa kwashe shara ba. Ku rubuta wa hukumar kwashe shara ta jiha, REMASAB, takarda ku nemi a riƙa zuwa kwashe bolarku a kan lokaci, ya fi muku.

Wani matashi, Kurna:

Baba, Allah ya ƙara girma, amma ban yarda ba. In aka cire Alhajin, sai almajiri da matan gida su zama masu laifi, mai kuɗin da ya toshe ruwa ya sha. Kullum haka ake yi mana.

Dattijon Yakasai ya sake cewa:

Ɗana, ban ce a cire dakali ba. A bar shi, amma a yi shi uku: na mai kuɗi, na mai wanki da guga, na mai ƙungiyar samari da kansa. Ka zaga unguwarku ka ƙirga masu gini a kan kwata, ka gani ko mutum ɗaya ne. Shi kuwa wancan shagon, maganarsa ta hukumar tsara birane ce, KNUPDA, a bi ta hannun mai unguwa a rubuce.

Wani ɗan sintiri, Fagge:

Ku tuna a 'yan shekarun nan 'yan sanda sun sha dakatar da tashe saboda 'yan daba suna fakewa da shi. Ku fara bayan La'asar, ku watse kafin kiran Magariba. Ku sanar da ofishin 'yan sanda na yankinku da na Hisba, ku sa 'yan sintirin unguwa su tsaya bakin fili. Ban da kiɗan sifika. In za ku ɗauka a bidiyo ku yaɗa, ku fara leƙa Hukumar Tace Fina-finai ku ji ƙa'idarsu. Ɗan siyasa ya kawo gudummawa da hotonsa, ku yi godiya ku mayar.

Wani mai rubutun alluna, Sabon Titi:

Katangar ta wa ce? In ta makaranta ce, sai da yardar hedimasta. Kada ku zana fuskar mutum: wasu za su ce haramun ne, yara kuma za su ƙwaƙule idon. Ku yi Dagin Arewa da irin zanen da magina suke yi a fuskar tsofaffin gidajen birni, da rubutu a boko da ajami. Fentin mai za ku saya, na ruwa damina ɗaya zai yi. Ku zana da alli, ku ba yaran unguwa buroshi su cike, su ne za su hana a manna fosta a kai.

Mai tambaya ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, akwai Alhajin, kuma surukin mai unguwa ne. Mun koma wajen mai unguwa da maganar dakali uku, ya yi dariya ya ce mu kawo masa labarin ya ji kafin ranar, shi zai gayyaci liman. Malamin tsangaya ya yarda almajiransa biyu su fito, da sharaɗin kada a sa su bara a cikin wasan. Malama, in da hali a taimaka mana da yadda za mu shigar da maganar wajen shugabar Islamiyyar unguwarmu, don ba mu san ta inda ake farawa ba.