Za mu tashi daga Birnin Kebbi zuwa Yawuri, ya zan yi da tangaran da gilashi?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. An yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Yawuri, saura kwana 10 mu tashi daga Badariya, ga damina ta kankama. Ina da saitin farantan tangaran na aurena, kofunan gilashi, kabad ta gilashi wadda ba a kwance ta, talabijin inci 43 da muka riga muka yar da kwalinta, firij, sai randar da kakata ta ba ni. Maigidan ya ce a zuba komai a motar kanta guda a huta. Ni kuma ina ganin ko in sayar da kabad ɗin nan, masu fashewa kuma in bi da su a ƙaramar mota. Wanda ya taɓa bin hanyar Jega da Koko da irin kayan nan ya ba ni shawara don Allah.

Abu Khalifa: Wa alaikumus salam. Ki ajiye kwalin talabijin ɗin, cikinsa za ki mayar da ita, shi ke nan.

Maman Ilham: Malam, ai na ce mun yar da shi.

Ummu Sadik: Faranti ba a jera shi kwance ɗaya kan ɗaya. Kowane ki naɗe shi da tsohuwar jarida ko tsumma, ki tsayar da su a gefensu cikin ƙaramin kwali, ki shimfiɗa tawul a ƙasa. Kofi ki cusa masa takarda a ciki kafin ki naɗe. In kin gama ki girgiza kwalin kusa da kunnenki. Kika ji ƙwal-ƙwal, akwai sauran wuri, ƙara cusa zannuwa. Kada ki nemi babban kwali, nauyi ke ɓalle gindinsa.

Maman Fa'iza: 'Yar uwa, wanga zance ya tado min tsohon miki. A 2019 munka tashi daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, tafiyar da ba ta kai ta kawo ba. Duk abin da Ummu Sadik ta faɗi na yi shi, kwana biyu ina naɗi, har na rubuta "mai fashewa" da gawayi a kowane kwali. Ranar tashi aka ce mata su yi gaba da yara, ƙannen miji za su yi lodi. Na yarda. Ashe janareta sunka aza kan kwalayena, direba kuma ya tsaya a hanya ya ƙara buhunan shinkafar wani mutum. Bayan isha'i motar ta iso. Da na ɗaga kwalin farko na ji shi yana sacaca kamar tsakuwa a gwangwani, sai na zauna ƙasa. Faranti 24 ne, Innata ta yi shekara biyu tana zubin adashe da kuɗin ƙuli-ƙuli kafin ta haɗa min su. Uku sunka tsira. Ta rasu bayan wata bakwai, ban taɓa gaya mata ba. Abin da ya fi ci min rai, maigidan cewa ya yi "kaya ne, Allah zai kawo wasu". Har yau ba a kawo ba.

Ummu Sadik: Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta.

Hajiya Mai Jere: Amin. Shi ya sa nake cewa mace ba ta barin wurin lodi. Shekara 15 ina jeren amare, kayan da na kai Zuru da Kamba ba su ƙirguwa. Madubi da gilashin kabad tsakanin katifa biyu ake tsayar da su a ɗaure da igiya, a manna salatif a gicciye bisa gilashin. Salatif ba ya hana fashewa, amma ko ya tsage ba zai watse ba. Talabijin ki lulluɓe ta da bargo, ki sa kwali a fuskar, ta tafi a tsaye kan kujerar ƙaramar mota, wani na riƙe da ita.

Baban Nana Direba: Hajiya, da girmanki, amma jere daban, hanya daban. Ni na ja kanta shekara 12. Abin da ke fasa kaya shi ne inda aka aza shi. Bayan mota wajen ƙofa nan ne ke tsalle in an faɗa rami. Masu fashewa can gaba ake sa su, jikin kan mota, masu nauyi a ƙasa. Firij a tsaye, in an sauke kada a kunna sai ya yi awoyi, man injinsa ya koma mazauninsa. Kuma ki duba tamfol da idonki, kwali in ya sha ruwa ya gama aiki.

Hajiya Mai Jere: To ai ku direbobin ne ke ƙara buhu a hanya. Ba ka ji abin da aka yi wa baiwar Allah ba?

Baban Nana Direba: Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Wanda ya matse direba a ciniki har kuɗin mai bai fita ba, shi ya jawo ƙarin kaya.

Maman Fa'iza: Malam, ba mu rage masa ko sisi ba. Abin da ya yanka shi munka biya. Kada a ɗora min laifi a kan farantaina.

Ɗan Gwandu: Maman Ilham, ki ba ni ajiyar talabijin ɗin, amana ce, duk ranar wasan ƙwallo zan riƙa duba miki lafiyarta.

Ummu Sadik: Kai Ɗan Gwandu, ana maganar gaske.

Kawu Manu: Ba wanda ya taɓo randa. Ɗiyata, je ki wurin masu casar shinkafa ki samo ɓuntu buhu guda, kusan kyauta ne. Ki cika cikin randar da shi, ki zaunar da ita cikin babban kwando ko tsohuwar taya, ki zagaye ta da ɓuntun. Haka muke kai tukwane kasuwa tun ana ɗaukarsu a jaki.

Maman Ilham: Na gode Kawu, wannan zan yi. To nawa ake ɗaukar kanta zuwa Yawuri yanzu? Kuma kabad ɗin fa, in sayar?

Abu Khalifa: Wata uku da suka wuce ƙanena ya biya 90,000. Kwali kuma 300 a shagunan kayan masarufi.

Ummu Sadik: Wane 300? Makon jiya na sayi na taliya 700, mai kauri na man gyaɗa 1,200.

Baban Nana Direba: 90,000 sai dai a-kori-kura, ko motar da ta kawo kaya za ta koma wayam. Kanta ƙasa da 160,000 ban ga mai zuwa ba, ban da 'yan dako.

Abu Khalifa: Ɗan kamasho ne ke ninka kuɗin, a nemi direba kai tsaye.

Maman Fa'iza: Kamasho kam ko'ina. Gidan da munka bari, mai gidan ya riƙe mana kuɗin wata huɗu da sunka rage, wai ƙusar da na kafa ta rataye madubi ta ɓata masa bango.

Ɗan Gwandu: Mu a Gesse ejan ya karɓi nasa kashin, muka shigo muka tarar rufin ɗaki na yoyo daidai inda za a ajiye gado. Da na kira shi sai ya ce in jira rani.

Hajiya Mai Jere: Maman Ilham, kin ma je kin ga gidan na Yawuri kuwa, ko maigida kawai ya gani? Ki auna faɗin ƙofar kafin ki wahalar da kanki da kabad. Na taɓa kai wata amarya Jega, kabad ta ƙi shiga, a zaure ta kwana uku.

Maman Ilham: Wallahi ban gani ba Hajiya, hoto kawai ya turo min, ƙofar ma ba ta fito ba. Bari ya dawo daga masallaci in tambaye shi.